Juyin Mulkina a Motar Pitowa

Ranar nan muna cikin motar Pitowa za mu Garwa, jikina a kujera, raina a sararin samaniya. Na gama juzu'i na uku na labarin yaƙin taurarin da nake mutuwar so, har gonakin auduga nake gani kamar taurari sun zubo ƙasa. Sai na ga bai kamata ƙawata Dudu ta zauna cikin jahilcin abin da ya sami sarkin labarin ba.

"Dudu, mulkinsa ya ƙare," na ce da ƙarfi. "Jiragen 'yan tawaye sun taso, sojojinsa ma sun juya masa baya!"

Wani mahauci ya ce, "Direba, ni ban ji komai ba, sauke ni." Mutumin da ke bayana ya yi gyaran murya, ashe jandarma ne, jami'in tsaro cikin farin kaya.

A ofishinsu na wuni ina hango kurkuku, ina bayanin duniyoyin da babu su a taswira, har kwamanda ya gaji ya sallame ni. Littafin dai ya riƙe.

Har yau in na ji takun takalmin soja sai in kama bakina. Mahautan kasuwa kuwa, da sun hango ni sai su ƙame: "Ranki ya daɗe, Janar! Yaushe jiragen za su sauka?"