Kwaltar da Na Shafa wa Jirgin Dam

Shekarar da ruwan Kainji ya fara cin tsibirai, ni ke tuƙa jirgin ma'aikatan dam daga Yelwa. Na katako ne, mai inji da rediyon kiran ofis. Har kaki aka ba ni, Inna tana nuna ni ga maƙwabta.

Wata rana da muka jawo shi tudu, na ga farantin jan ƙarfe kafe a ƙarƙashinsa. A jirgi na girma, na san duk inda ƙusa ta shiga ruwa zai bi. Na dafa kwalta na shafe farantin da kauri. Masunta suna yabawa, na ce, "Mutanen nan sun san boko, ba su san ruwa ba."

Washegari inji ya mutu daura da garin Wara. Malam Audu mai rediyo ya fara kiran ofis, wutar rediyon ta ja shi a leɓe. Rediyo sai shuuu, Yelwa ba ta jin mu.

Malam Audu ya yi nutso ƙarƙashin jirgin, ya fito da hannu baƙi da kwalta. "Wa ya rufe farantin nan? Ta nan wutar rediyo ke sauka ruwa!"

"Ni ne, Malam. Amma ai ko ɗigo bai shigo ba."

Da filafili na maido su. Aka karɓe kakin.

Har yau in rediyo ya yi shuuu a bakin ruwa, jikokin masuntan nan sai su ce, "Baba Kwalta, ka biyo ta nan ne?"