Yadda Ake Kallon Tsuntsaye a Gwanzu Har a Gano Shagon Takalmin Habsatou

"Ni kike ce wa 'yar leƙen asiri, Habsatou? Tsuntsu nake kallo!"

"Wane tsuntsu? Wanda ke saida takalmi? Hajiya Uwani, ki ji tsoron Allah. Da hurhurarki!"

"Furfurar tawa ce, ba aronta na yi ba."

Ke mai karatu, ki yi haƙuri da hayaniyar. Wannan da ke tsalle a kaina Habsatou ce, 'yar Maraɗi. Ɗakinmu ɗaya a masaukin baƙi na Sanyuanli, nan Gwanzu ta ƙasar Caina. Ni kulolin abinci nake sara in kai Kano, ita takalmi. Tana da wani shago da take ɗauko takalman mata masu duwatsu, irin waɗanda in mace ta taka sai an waiwayo, kuma tun da ta fara zuwa garin nan babu mahaluƙin da ya san inda yake. Haka sana'armu take. Mace za ta faɗa miki abin da mijinta yake cewa cikin barci, amma ba ta faɗa miki shagonta ba. Da wannan shagon take cin kasuwar Sallah kowace shekara. Yanzu an san shi, wai kuma laifina ne.

Bari ta yi ta yi, mu yi karatunmu. Na yi miki alkawari, in kika bi matakan nan a lokacin sanyi, za ki ga tsuntsayen da ko a mafarki ba ki taɓa gani ba, kuma za ki san inda kowace mace ke sayayya. Hanyar ba ta taɓa ƙin aiki ba. Sau ɗaya aka gwada ta, ta kuwa yi.

Mataki na ɗaya: Ki mallaki madubi

Madubin hangen nesa nake nufi, mai ido biyu. Kada ki saya. Ki gan shi a kan teburin mai shagon da kike ciniki, ki ɗauka, ki yi ta juya shi kina cewa "shyeshye, lauban", wato na gode maigida, tun bai ce ya ba ki ba. Ki ci gaba da godiya har ki kai bakin ƙofa. Kunya za ta ƙarasa miki aikin.

Ta ƙaramin gefen ake leƙawa. Na daɗe ina leƙawa ta babban, ina ba mutane labarin cewa tsuntsayen Caina ba su kai ƙuda ba.

Mataki na biyu: Ki zo da sanyi

Da sanyi tsuntsayen arewa ke saukowa garin nan. 'Yan ci-rani ne kamar mu, sai dai su ba a tambayarsu biza. Wani amfanin sanyin kuma, za ki iya zumbula kwat har ƙasa, ki naɗe fuska da mayafi, ba wanda zai gane ki. Ko da yake baƙaƙen matan da ke unguwar nan ba mu cika mota guda ba, kuma ni kaɗai ce mai ɗingishi. Amma masana sun tabbatar cewa wanda ya rufe hancinsa ya rufe rabin kamanninsa. Ni ce masanan.

Mataki na uku: Ki fara da lambu

Ki tafi lambun shaƙatawa da safe. Za ki tarar da tsofaffi suna ɗaga hannu da ƙafa a hankali kamar masu kamun aljani mara lafiya. Kada ki yi dariya, motsa jiki suke. Wasu kuma sun zo da tsuntsaye a keji sun rataye a reshe, wai sun kawo su shan iska. Mijina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa kai ni shan iska ba, ga tsuntsu ya samu.

Ga kuskuren da ba na so ki maimaita. Na ga wani tsuntsu mai ƙiba a keji, da farin kwalli zagaye da idonsa, yana ta rera waƙa. Na tuna rabona da naman da na san wanda ya yanka shi tun Kano. Sai na matsa wurin tsohon, na ce "nihau", wato sannu, na taɓa ƙirjin tsuntsun ta tsakanin sanduna in ji tsoka, na nuna kaina, na nuna gabas, na ja yatsa a maƙogwaro. Nufina ya sayar min da rai, ni zan sa a yanka yadda addini ya ce. Mutumin nan ya kurma ihu, ya lulluɓe kejin da zane, ya rungume shi kamar jariri, ya ruga. Sauran tsofaffin duk suka sauke nasu. Har yau in na shiga lambun sai ki ga keji na saukowa daga bishiya ɗaya bayan ɗaya.

Ki tsaya kan na sake, marasa maigida. Akwai wani mai tukku a ka da jan kumatu, kamar yarinyar da ta shafa jambaki a inda bai dace ba. Ki kafa masa madubi. Sannan ki saukar da madubin kaɗan, ki karkata hagu. Abin mamaki, bakin titi ne! Daga nan na ga Habsatou ta sauka daga tasi, ta waiga, ta tsallaka tsakanin masu kekuna, ta shiga wata tasin ta koma inda ta fito. A ranar na san akwai babban tsuntsu a garin nan.

"Mi kike rubutawa? Sunana kike sawa?"

"Addu'a ce, Habsatou. Ci gaba da faɗanki, ina ji."

Mataki na huɗu: Ki gangara bakin teku

Wata safiya za ki ji abokiyar zamanki tana waya a ƙasa wurin mai masauki, tana ɗaga murya cewa yau za ta "wurin mutumenta, can bakin ruwa". Mai hankali za ta tambayi kanta me ya sa mai ɓoyon sirri take ihu. Ke kada ki tambaya. Ki rataya madubi ki bi ta.

Na bi ta har tasha, na shiga bas ɗin da ta shiga, na zauna can baya na rufe hanci. Mu biyu ne baƙaƙe a motar, har wata mata ta taso ta shafa hannuna ta duba yatsanta. Muka yi ta tafiya, gidaje suka ƙare, gonakin ayaba suka ƙare. Da muka isa ƙarshen hanya na riga ta sauka na laɓe bayan wata rumfa. Ina laɓe bas ta juya. Sai ga Habsatou a taga tana ɗaga min hannu, haƙoranta duk a waje.

To, tunda kin zo, ki kalli tsuntsu. Tekun nan yana da wata ɗabi'a: sai ya kwashe ruwansa ya tafi yawo ya bar taɓo iya ganinki. A kan taɓon nan, 'yar'uwa, na ga taron da ya fi na Kantin Kwari ana jibi Sallah. Agwagin ruwa, zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai gadin da ba a sallama ba, da wasu 'yan mitsi-mitsi masu gudu kamar an aike su. Wani malami ɗan Caina da ke wurin da nasa madubin mai ƙafa uku ya yafito ni. Na leƙa. Wani tsuntsu ne fari fat, fuska baƙa kamar ya leƙa tukunya, baki kamar ludayin miya, yana kaɗa shi cikin ruwa dama da hagu kamar mai dama kunu. Na yi guɗa. Duk suka tashi. Malamin ya dafe kai ya zauna a ƙasa.

Kada ki yi guɗa. Kada kuma ki taka taɓon. Silifas ɗina na dama yana can har yanzu, ina fata wata ƙaguwa tana jin daɗinsa.

Mataki na biyar: Ki leƙa ƙauye

In teku bai ba ki komai ba, ki kama Salihu mai kago, wanda yake loda mana kaya a jirgi. Yana jin yarensu kuma yana zagaya masana'antun ƙauye. Ki ce masa likita ne ya ce ki riƙa shaƙar iskar gona.

"Hajiya, wane likita?"

"Kai dai ja mu je, ɗan nan. Da uwarka za ka yi gardama?"

Duk ƙofar da muka wuce sai na kafa madubi ko zan ga duwatsun takalmi suna walƙiya. Na ga masu yin bokiti, na ga masu yin lema. Takalmi ko ƙafa ɗaya. Amma a wata gonar shinkafa da aka girbe na ga abin da ya sa na ce a tsayar da mota. Balbela! Tamu ta gida, fara sol, tsaye a bayan wata baƙar saniya mai ƙaho kamar ɓauna. Na ce, "Ke 'yar gari, ke ma sari kika zo? Ya mutanen Wudil?" Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Ina cikin gaisuwar wasu dinyoyin gida suka fito daga bayan bukka, wuya a miƙe, suna huci. Ba na so in yi dogon bayani. Ki dai sani ɗingishi yana warkewa na ɗan lokaci, kuma Salihu ba shi da tarbiyya, don har muka dawo gari yana share hawaye.

Mataki na shida: Ki haƙura

Wannan shi ne babban mataki. Ki cire rai. Ki hau saman bene inda muke shanya, ki ce daga yau tsuntsu kawai za ki kalla don Allah.

Haka na yi. Sai ga wani ɗan ƙarami a kan igiyar shanya, ciki ja kamar manja, kai toka-toka kamar dattijo, yana ta karkaɗa wutsiya. Na bi shi da madubi. Ya tashi ya sauka kan wayar lantarki, na bi shi. Ya sake tashi ya sauka kan ƙarfen tagar gidan da ke bayan masaukinmu, na bi shi. Ya matsa gefe. A bayan ƙarfen nan, zaune a kan kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, tana kurɓar shayi, wani lauban durƙushe yana gwada mata takalmi mai duwatsu, wa zan gani?

Bango ɗaya ne tsakaninmu da shagon! In na yi tari a gadona suna ji. Duk tasin nan, duk tekun nan, duk silifas ɗina, ashe matar nan zagaye take ta dawo ta lungun baya. Na yi rawa ni kaɗai a tsakanin zannuwan mutane har mayafina ya faɗa ƙasa.

Mataki na bakwai: Ki riƙe sirri

Sirrin ɗan'uwa amana ne. Kada ki faɗa wa kowa. Mutum ɗaya kawai za ki faɗa wa, don kada abin ya kumbura miki ciki.

Ni Rekiya na zaɓa, 'yar zangon Kumasi mai sarin jakunkuna, na kuma sa ta rantse. Ta rantse da kyau, har da dafa ƙirji. Washegari matan Kano da na Kumasi suka yi layi tun daga matakalar shagon har lungu. Yau da safe Habsatou ta je ɗaukar kayan Sallarta, ta tarar da lauban yana gumi, 'yar na'urar kiran da ke ƙugunsa tana ta ƙara. Ya buɗe mata hannuwa ya ce, "Meyo." Wato babu. An kwashe har na gwaji.

Shi ne take tsaye a kaina tun ɗazu.

"Abin da ya hi ƙona mini rai, Hajiya, ke ko takalmi ba ki saidawa! Mi kinka samu? Ƙahwa ɗaya kinka saya?"

"Ban saya ba."

"To don mi?"

"Sani nake so, Habsatou. Abu yana bayan gadona ban san shi ba, ai sai in kwanta ciwo."

Sanarwa

Ni Hajiya Uwani ta Fagge ina shaida wa duk wadda ta karanta wannan cewa tsuntsaye na koya mata. In kika bi matakan nan kika rasa takalmi, ko abokiyar zama, ko mutuncinki a wurin tsofaffin lambu, babu hannuna. Ki nemi tsuntsun da ya sauka a tagar, shi ya nuna. Ni ido kawai na bayar.

Ga shi ina rufe alƙalami ta gama cusa kayanta a akwati, ta ja shi har bakin ƙofa.

"Na bar miki ɗakin. Kiliyan ɗina na Maraɗi, masu sayen kayana, suna jiran takalmi, mi zan kai musu? Labarin tsuntsu? Mutumen da ke tona butik ɗin wani, Hajiya, ba shi da rabo ranar gobe!"

"Gaskiyarki. Shi ya sa ma ba zan faɗa miki abin da na gani jiya ba, ina bin wata kurciya a bayan titin Zhanxi."

"Kada ki hwaɗa. Ba ni so."

"Ba zan faɗa ba. Rekiya ce dai na gani tana fitowa daga wani gida mai koren ƙofa, kusa da mai gasa dankali, da jakunkunan nan nata masu sarƙa da ba wanda ya san inda take samowa. Irin waɗanda matan Maraɗi za su yi dambe a kansu ranar Idi."

Ta waigo, hannunta a kan mariƙin ƙofa.

"Haram ne abin da kike yi."

"Haram ne."

"Hawa na nawa?"

"Na uku. Ki ƙwanƙwasa da ƙarfi, lauban ɗin kurma ne."

Ta saki akwatin a tsakar ɗaki, ta fizgi jakar hannunta daga kan gado.

"Allah ya isa tsakanina da ke, Hajiya Uwani!"

Ta fita ta maka ƙofar, garam, har kulolina suka zubo daga saman kwali.