Motoci Uku, Auduga Jaki Biyar

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na jera motoci uku a fulotin auduga, wato filin da ake sayenta, kusa da Dayi ba, ko da kuwa na manta sunana.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina ɗan akawun Alhaji Garba, mai sayen auduga a Funtua. Ina kuma karatu ta wasiƙa, ana aiko mini da darussan tattalin arziki ta gidan waya. A nan na haɗu da abin da ya kai ni ya baro: dokar kawo kaya kasuwa. Wai in farashin abu ya hau, masu shi za su ƙara samar da shi su kawo. Na ja wa layin jar biro, na haddace shi kamar Fatiha.

Kafin damina sai labari ya zo an ƙara wa auduga kuɗi. Na tarar da Alhaji a zaure na ce, "Alhaji, bana auduga za ta yi ambaliya. Mota ɗaya ba za ta ishe mu ba, a tanadi uku."

Ya dube ni ya ce, "Ka zaga gonakin ne?"

Na ce, "Ba sai an zaga ba, Alhaji. Ilimi ne."

(Allah ya yafe wa bakina.) Sai Alhaji ya ce in maganata ta tabbata ya bar mini fulotin in riƙe da kaina, in kuwa ba ta tabbata ba in koma ɗinkin buhu. Na amsa da sauri, har da godiya.

Da damina na bi ta wajen Dayi sau ɗaya a kan keke. Na iske gayya a gonar Baba Nomau, wani dattijon Bamaguje wanda audugarsa kaɗai takan kusa cika mota. Mutane fiye da yadda ido zai ƙirga, ga ganga, ga fartanya na tashi. Suka kira ni na ci tuwo, mulmula biyu. Na ga dai dawa suke nomewa, amma na ce a raina audugar tana can baya. Raina fes na hau kekena, ina cewa ga doka tana aiki.

Ranar buɗe fuloti na sa farar riga, na rataye sikeli tun da hantsi, motoci uku suka jeru. Ni da Alhaji da direbobi muka zauna. Jaki ɗaya ya zo. Aka jima, biyu suka zo. Har azahar jaki biyar, sai wata tsohuwa da ɗan ƙunshi a ka. Na fara zufa. Na leƙa hanyar gabas, na leƙa ta yamma, na ce wataƙila sun ɗauka gobe ce. Na sake karanta dokar a zuciyata, ban ga inda ta karye ba. Farashi ya hau ko bai hau ba? Ya hau. To ina audugar?

Lasisi direba, Bayarabe haifaffen Funtua, ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, ilimin naka za mu loda ko mu jira audugar?"

Alhaji bai yi dariya ba. Cewa ya yi in wuce gaba mu je gidan Baba Nomau, don tun safe muke jin kiɗa daga can.

Ashe bikin dubu ake yi. A wajensu, manomin da ya tara damin dawa dubu a shekara guda shi ake naɗa wa sarautar noma. Ga dammuna an jibge kamar katanga, ga jama'a cike da fili. Ni kuma, maimakon in kama bakina, sai na durƙusa na ce, "Baba, ban gane ba. An ƙara wa auduga kuɗi, ai kamata ya yi ku ƙara nomanta."

Ya ɗaga hannu makaɗa suka tsaya. (Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.)

Ya ce, "Mun ji an ƙara, ɗana. Amma wa ka taɓa ji an yi wa kiɗa don ya tara auduga? Shekara tara ina neman dubun nan. Bana ruwa ya sauka da wuri, na kira gayya, kowa ya zo. Lokacin shukar auduga duk hannuwa suna gonata. Sauran kuma bara sun sha wuya, sun sayar da auduga sun sayi dawa da tsada, bana kowa rumbunsa ya fara cikawa." Sai ya ƙura mini ido. "Tsaya, ba kai ne mai keken nan ba? Ai ka zo gayyar. Mulmula biyu ka ci, har ka nemi ƙarin miya. Ba ka ga abin da muke nomewa ba?"

Filin ya ɗauki dariya, mata har da guɗa. Alhaji ya juyo a hankali ya ce, "Au, ashe ma ka zaga gonakin."

A bayan motar da babu komai na koma Funtua, ina ta tsalle kamar buhun da aka manta. Ina isa gida na buɗe darasin, don har lokacin kaina bai warware ba. Ga layin nan da jar birona. Biron ya tsaya ne a ƙarshen shafi; da na juya, sai ga jimlar ta ci gaba: muddin sauran abubuwa suna nan yadda suke. A ƙasa kuma ga ruwan sama, ga ma'aikata, ga farashin sauran amfanin gona, duk an lissafa. Shafin da ke gaba ne, ban juya ba.

Kaka biyu na yi ina ɗinkin buhu. Tun daga nan, in na ja wa magana layi sai na kai aya. In kuma aka ba ni tuwo a gona, nakan ɗaga kai daga kwano in ga me aka shuka.