Rasuwar Tsattsewa, Mai Sunaye a Cikin Fiffike

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Alois Kubat, tsohon mai buga ƙusa a masana'antar jiragen soja ta garinmu, yana sanar da rasuwar Tsattsewa, jirgin koyar da matuƙan soja. Ta yi shekara ashirin a sama, ta yi talatin da ɗaya a kan dakalin ƙofar masana'anta.

Marigayiya mai haƙuri ce. Samari masu rawar kai sun doka ta da ƙasa sau ba adadi, ba ta kashe ko ɗaya ba. In aka tayar da ita, takan fara da fiii siriri kamar butar shayi, sannan ta saki wuuu har tagogin gidan burodi su amsa. Jirgin koyo aka ce, to. Amma Alois da kansa ya ɗaura mata ƙugiya biyu a ƙarƙashin fiffike, kuma ya san ba don shanya aka yi su ba.

Ta bar ƙanne ɗaruruwa, jirage irinta, da aka aurar zuwa ƙasashe masu zafi. Waɗansu rairayi ya binne su, waɗansu sun yi aikin da ba a faɗa a gidan makoki. Ɗalibanta kuwa, yawancinsu sun riga ta.

Ciwon ajalinta na gida ne. Al'adar ma'aikata ce, kafin a rufe fiffike kowa ya rubuta sunansa a ciki da fensir. Shugaban aiki ya hana, bai faɗi dalili ba, suka ɗauka girman kai ne. Mutum goma sha huɗu suka rubuta a fiffiken hagu, har da Zdenka, matar Alois, wadda ta rasu shekara shida ke nan ba ta bar masa rubutun hannunta ko a bayan ambulan ba.

A watan jiya Radka, injiniyar masana'anta, ta zura madubi ta wata kafa a fiffiken, ta ɗago fuska a murtuke.

"Baba Alois, wa ya sa fensir a jikin alminiyon? Ai guba ne. In danshi ya same shi, cin ƙarfen yake yi."

"Ana iya karantawa?"

"Karantawa? Baba, fiffiken nan saura kaɗan ya faɗo wa mutane a ka!" Ta sake leƙawa. "Akwai wata Zdenka. Nata ya fi na kowa zurfi."

"Hannunta da nauyi," in ji Alois. "Ki tambayi ƙeyata."

Ranar aka sa hannu a takardar sauke ta.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis a filin masu yankan ƙarfe, bayan tashar jirgin ƙasa. Ƙarfe takwas na safe za su kunna wutar yanka, kuma sun yarda su buɗe wa Alois ƙofa tun bakwai don ya cire murfin da ke ɗauke da sunayen. Ƙusa ɗari huɗu da goma sha biyu ke riƙe da shi, shi ya buga su, bai kuwa yi ha'inci a ko ɗaya ba. Hannunsa na yau ba ya cire fiye da talatin a awa. Cikin sha huɗun nan uku suka rage, ɗaya ma ba ya gani.

Bayan an gama akwai miyar tumbi a gidan mamaciya Zdenka. Duk mai injin huda ya zo da shi filin tun bakwai, da bakin huda mai lamba uku, don cire ƙusoshin. Mai niyyar kawo fure ya bar shi a gida, hannunsa ake nema.