Yadda Za Ka Tsare Sirrin Sabulunka Har Ƙarshe

Kai mai ƙaramar masana'anta, matso kusa. Masu taron bita za su ce maka nasara tana wajen koyar da ma'aikata da sauraron masu saye. Ci shinkafarsu, karɓi satifiket, ka dawo wurina. Na yi shekaru ina dafa sabulun man kaɗe a Salaga, kuma na yi maka alkawari: in ka bi matakan nan, babu mahaluƙin da zai sace maka sirri.

1. Sa labule

Lokacin haɗa soda da mai, kori kowa waje. Ja labule, yi gyaran murya, ka ɗan bubbuga bokiti don su ji abin da girma. Ma'aikaci aikinsa juyi da yanka. In ya san awo yau, gobe shi ma Alhaji ne.

2. Gwangwanin awo ya zauna a aljihu

Nawa tsohon gwangwanin madara ne, na yi masa zane a ciki da ƙusa. Da shi nake zuwa masallaci, da shi nake zuwa gaisuwar mutuwa. Matata ta ce ta gaji da ɗinke mini aljihu. Kada ka kula, allura ba ta da tsada.

3. Duk mai tambaya, ka zarge shi

Akwai wata Atikatu, ita ke juya mini babbar tukunya. Ta taɓa cewa matan Yendi suna kukan sabulun yana cin hannu, ko za a rage soda? Na tambaye ta wa ya aiko ta. Mai saye kuwa in ya yi ƙorafi, gaya masa fatarsa ce ba ta saba da kaya mai kyau ba.

4. Yi tafiya, su san darajarka

Hajiya Zalia ta Bawku ita ke kwashe rabin abin da muke dafawa. Ta ce za ta zo da mota a yi mata lodi. Ni kuma na haye tafki zuwa Yeji sunan jikan abokina, da gwangwanina, da niyyar in dawo in dafa. Jirgin ruwan da zai maido mu Makango, gaɓar wajenmu, ya lalace. Sai ga wayar Atikatu.

"Maigida, lori ya zo, Hajiya yana jira. Faɗa mini awo kawai, ba ni gaya ma kowa koraa, ko mutum ɗaya."

Na ce awo ba a faɗarsa a waya, masu kamfanin waya ma suna saurare. Motar ta koma Bawku wayam. Lura da kyau: ranar kowa ya gane wane ne mai masana'anta.

5. Kada ka ba da haƙuri

Hajiya Zalia ta daina ɗaukar wayata. Atikatu ta ajiye muciya, ta je ta kafa rumfarta a bayan tasha. Sabulunta na farko ya fito kamar kunu, na yi dariya har da riƙe ciki. Ita kuwa ta yi ta ɓatawa tana gyarawa, tana raba wa mata gutsattsari kyauta, tana bin su gida tana duba hannuwansu. Ma'aikatana suka sulale wurinta ɗaya bayan ɗaya, wai a can ana koya musu aiki. Ranar da na ga motar Bawku a ƙofarta, ba zan ɓoye maka ba, abin ya yi mini ciwo, tuwo ma na kasa ci. Amma sirrina yana nan, ko ƙuda bai sauka a kansa ba.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin tukunyar da ta huce, ko rumfar da awaki suka mayar makwanci, ko irin kallon da matarka za ta riƙa yi maka. In kana da ƙorafi, same ni wurin Atikatu, ni ne mai yanka sabulu a teburin ƙarshe. Ka zo lokacin hutu, ba ta son hira a bakin aiki. Ranar da na fara, ta zaunar da ni ta nuna mini awonta kaf, har ta sa na maimaita, wai ko tafiya ta kama ta.

Na ce, "Madam, ba a kasuwanci haka."

Ta ce in wanke hannu in kama wuƙa, motar Bawku tana hanya.