Rasuwar Mai Huci, Tukunyar Turara Sharar Ɗakin Gwaji

Da zuciya cike da baƙin ciki, da hanci toshe da gefen mayafi, shugabar ɗakin gwajin jini da majina, dattijuwar da ma'aikata ke kira Gwaggo, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Mai Huci, injin da ke turara sharar ɗakin da zazzafan tururi kafin a fitar da ita waje.

Marigayiya ta yi zamanta a ƙuryar ɗakin wanke-wanke, tsakanin famfo da tagar da ba ta buɗuwa. Ba ta san ƙyama ba. Audugar da ta sha mugunya, kwalaben majinar masu tari, farantan da ake shuka ƙwayoyin cuta a kansu har su yi gashi, duk ta karɓa ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Maganarta ba ta da yawa: "fuuuu" idan ta ɗau zafi, "ƙas" idan ta gama.

Ta rasu ta bar ƙanwarta firij mai fama da zazzaɓi, da safar hannu guda ta hagu, da kwalin kwalaben gwada lafiyarta wanda ba a taɓa ɓare bakinsa ba. Ta kuma bar marayu, jakunkunan shara jajaye da ta turara a makonta na ƙarshe, jibge a ɗakin baya suna jiran mai kwasar shara.

Ana ta yaɗa cewa mutuwar fuju'a ta yi, wai lafiyarta ƙalau har aka kawo wuta da ƙarfi ta ƙone. Hujjar masu faɗa ita ce salatif ɗin da ake manna wa kowace jaka, wanda zanensa ke yin baƙi idan ya ji tururi.

"Haba Gwaggo, dubi zanen nan, baƙi ƙirin," in ji manajan asibiti. "A kira mai shara ya kwashe, warin ya ishe mu."

"Ɗana, tururin buta ma zai baƙanta shi," in ji ta. "Salatif a bayan jaka yake. Ni cikin nake tambaya."

Gwaggo dai ba ta sayen labari a rufe. Ta sa safar hannu biyu da takunkumi, ta kwance jaka ɗaya. An ƙulle bakinta tam kamar kayan mai hijira, ba ta inda tururi zai shiga. Gefe ya dahu ya yi laushi. Tsakiya kuwa audugar na nan da jininta, da wani ruwa mai yauƙi da ya sa mai shara, wanda ya leƙo daga ƙofa, ya fita yana kakari. Ta dangwalo kaɗan ta shafa a faranti, ta sa a ɗumi. Da ta dawo dubawa, farantin ya cika da tsiro fal, fari da kore, kamar gonar da ta samu damina.

Sai ta kira makanike ya binciki gawa. Robar ƙofa ta tsage, ta nan tururin ke tserewa, wato hucin da ake yaba mata nishi ne. Magudanar cikinta kuwa ta toshe da narkakkiyar leda da daskararren abincin ƙwayoyin cuta. Da ya zaro abin da waya, baƙi, dogo, yana ɗiga, sai ya ajiye ya ce a yafe masa abincin rana. An kuma tabbatar ana ɗura mata jaka kan jaka, a danna da gwiwa a rufe ƙofa, a kashe ta tun lokaci bai cika ba don a tashi aiki da wuri.

Mai shara, magidanci mai 'ya'ya, wanda ke rungumar jakunkunan nan a ƙirji ya kai bola, ya tsaya yana kallon tafin hannunsa.

"Gwaggo, na baya da na kwasa fa?"

Gwaggo ta jawo kujera. Ta zaunar da shi ta ɗebi jininsa da hannunta don a gwada.

Za a yi wa marigayiya wanka da ruwan bilic gobe da safe, kuma masu dannawa da gwiwa su ne za su yi. Daga nan makanike zai ɗauke ta zuwa makwancinta a bayan gareji. Marayu za su tafi a rufaffiyar mota zuwa babban asibiti a sake turara su, kada kowa ya taɓa su. Ba zaman makoki, ɗakin ba ya zaunuwa.

Ba wuta ce ta kashe ta ba. Ta daɗe ba ta kashe ƙwayar cuta ko ɗaya a tsakiyar jaka ba, kuma sharar da aka yi ta kaiwa bola ɗanya ce.