Ranar da Na Raba Gonar Gado

Shekara goma ina koya wa ɗalibai a Dutse cewa kalmar lissafin nan ta kwadiratik daga Latin take, ma'anarta murabba'i. Da Baba ya rasu aka zo rabon gona, na ce liman ya huta. Namiji kashi biyu, mace ɗaya, ai wasa ne. Na auna wa Yaya Hadiza taku ashirin tsawo, ashirin faɗi, na ba kaina arba'in-arba'in.

Yaya, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta ce, "Malam, irin tawa huɗu za su shige cikin taka."

Liman ya saki salati. Na rasa inda zan sa kaina.

Har yau, ko naman layya za a raba, sai wani ya ce, "Kar a ba Malam Murabba'i wuƙa."